Inro na Japan: yadda ake gane na ƙwarai da yadda ake kare shi daga hunturu

Tambaya: Malam, harkar kasuwanci tana yawan kai ni Japan, kuma a shagunan tsofaffin kaya na Kyoto na sha ganin wasu 'yan battoci masu hawa-hawa, an zane su da zinariya, an zura musu igiyar siliki. An ce mini sunansu inro. Wani kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, wani kuma ya fi kuɗin mota, alhali a idona kusan duk ɗaya ne. Ina bambancin yake, ta yaya zan gane na ƙwarai, kuma in na saya zai jure yanayin Kano?

Amsa: Alhaji, abu uku ne ke sa wa inro kuɗi: kyan aikin hannu, lafiyar jikinsa, sai sunan wanda ya yi shi. A haka suke jere, amma yawancin sababbin masu saye daga ƙarshe suke farawa. Su juya gindin abin, su ga rubutu, mai shago ya ambaci wani babban suna, shi ke nan an gama da su. Suna shi ne abin da ya fi sauƙin ƙarawa a jikin inro, aiki kuwa ba ya ɓoyuwa ga wanda ya san inda zai duba. Batun Kano kuma, zai jure, amma ba a kan kanta ko cikin durowar ɗaki ba.

Tufafin Japanawa na da, wato kimono, ba shi da aljihu. Namiji yakan rataya 'yan kayansa a ɗamarar da ake kira obi, kuma duk abin da aka rataya haka sunansa sagemono: jakar taba, gidan lofe, gidan alƙalami da tawada, da inro. Ma'anar kalmar inro ita ce mazubin hatimi, domin asalinsa hatimi da jan tawadarsa ake sakawa a ciki, daga baya ya koma gidan magani, kowane hawa da irin ƙwayar ko garin da ke cikinsa. Ya yi tashe a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Tun ana ɗaukarsa don amfani har ya zama abin ado da nuna arziki, musamman a wurin attajiran Edo (Tokyo ta yau) da Osaka waɗanda dokokin gwamnatin Tokugawa suka taƙaita musu ƙawa a sutura, sai suka mayar da kuɗinsu kan ƙananan abubuwa irin wannan.

Cikakken inro yana da sassa huɗu. Akwai battar kanta, wadda tsawonta yakan kama daga santimita 7 zuwa 10, faɗinta 5 zuwa 6, kaurinta 2 zuwa 3. Akwai igiyar siliki da ke bi ta ramukan gefe biyu, ta zagayo ta gindi inda ake ƙulla ta. Akwai ojime, ɗan dutsen ado mai huda da ake zugewa ƙasa don ya matse hawa-hawan su rufu. Sai netsuke a ƙarshen igiya, wanda ake cusawa ta bayan ɗamara ya tokare a sama don kada kayan ya zame. In ka ga an rubuta a takardar gwanjo cewa inro mai hawa huɗu ne, ana nufin mazubi huɗu ban da murfi, wato gida biyar ke nan in an warware shi. Masu hawa uku zuwa biyar su ne suka fi yawa. Akwai kuma wanda ake zura shi cikin kube kamar wuƙa, ana kiransa saya inro.

Abin da ke sa shi sheƙi ba fenti ba ne. Urushi ne, ruwan jikin wata bishiya da take dangi ɗaya da mangwaro da yazawa. Wanda ya taɓa ganin yadda man ɓawon yazawa ke ƙona fata ya san halin ɗanyen urushi, don shi ma yana tayar da ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi. In ya riga ya sandare ba ya yi wa yawancin mutane komai. Bishiya takan yi shekara 10 zuwa 15 kafin a fara tsaga ta, kuma abin da ake samu a jikinta a kaka ɗaya bai wuce wajen giram 200 ba, sannan a sare ta. Yau yankin Joboji da ke lardin Iwate ne ke samar da mafi yawan urushin gida, amma yawancin wanda ake aiki da shi a Japan daga Sin ake shigo da shi.

Wani abin da ya kamata ka riƙe, domin shi ne tushen duk maganar adanawa, shi ne urushi ba ya bushewa da iska ko rana kamar fenti. Danshi ne ke sandarar da shi. Ana saka kayan da aka shafa a cikin wani akwatin katako da ake jiƙa bangonsa, zafi tsakanin digiri 20 da 30, danshin iska kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari. Kowane shafi ɗaya yakan kwana ko ya yi kwanaki a ciki, a fito da shi a goge da gawayi, a sake shafawa. Jikin inro na ciki siririn katako ne, ko takardar Japan da aka yi ta naɗawa a kan ma'auni, wani lokaci fata. A kansa ake ɗora shimfiɗar garin ƙasa da aka kwaɓa da ɗanyen urushi, daga mai gautsi zuwa mai laushi, kafin a zo kan baƙin shafi na sama. Mai yin jiki daban yake da mai zane, kuma jikin kirki yakan ɗauki watanni don a bar shi ya gama motsinsa kafin a ɗora masa zinariya.

Saboda haka gwajin farko ba na ido ba ne, na hannu ne. Ka nemi izinin mai shago, ka sassauta ojime, ka ja hawa ɗaya a miƙe ba tare da murɗawa ba. Na ƙwarai yana fita a hankali da ɗan riƙo, in ka mayar kuma ka ji iska tana turo shi kaɗan kafin ya zauna. An yi shi haka ne don kada magani ya sha iska. In an rufe shi, layin da ke tsakanin hawa da hawa ya zama kamar silin gashi, zanen ya ratsa ta kai bai karye ba. Reshen bishiya da ya taso daga hawa na uku ya shiga na biyu daidai inda ya kamata. In ka ga ya goce, ko launin zinariyar hawa ɗaya ya bambanta da na 'yan'uwansa, to ko jikin ya karkace ne, ko an aro hawan daga wani inro. Wanda ke karkarwa kamar murfin kwano mara kyau, ko ya taɓa bushewa ya motse, ko tun asali aikin kasuwa ne.

Zanen zinariyar sunansa maki-e, ma'anarsa zanen barbaɗawa. Ba a kwaɓa zinariya a shafa. Mai zane yakan ja layi da ɗanyen urushi ta amfani da siririn buroshi, tun bai sandare ba ya barbaɗa garin zinariya ko azurfa ta cikin wani ɗan bututun gora da aka toshe bakinsa da ƙyallen siliki, yana ƙwanƙwasa shi da yatsa. Yawan garin da girman ƙwayarsa su ke ba da haske da inuwa. Hanyoyinsa manya guda uku ne, kuma sanin su shi ne rabin sanin kuɗin inro.

Hiramaki-e shi ne mafi sauƙi. A zana, a barbaɗa, a daddale da ɗan siririn urushi, a goge zanen kaɗai. In ka shafa da yatsa mai safa za ka ji ya ɗan taso kaɗan bisa shimfiɗa. Takamaki-e kuwa sai an gina tudu tukuna da urushi haɗe da garin gawayi ko garin ƙasa, sannan a rufe da zinariya, shi ya sa duwatsu da kututturan bishiya da jikin dabbobi ke fitowa kamar sassaƙa. Wurin da za ka duba a nan shi ne gefen tudun. Gwani yakan bar gefe mai kaifi da tsabta, na koyo kuwa gefensa a narke yake kamar kitse a rana. Sannan ƙololuwar tudun ita ce ke fara gogewa da jikin tufafi, saboda haka ganin ɗan ja ko baƙi na ƙasa ya leƙo a wurin ba aibi ba ne babba, alama ce ta an yi amfani da shi.

Na ukun, togidashi, shi ne masana suka fi so, kuma shi ne sabon mai saye ya fi rainawa domin ba ya walƙiya daga nesa. Bayan an gama zane an barbaɗa, sai a binne komai da baƙin urushi har zanen ya ɓace, a bar shi ya sandare, sannan a yi ta gogewa da gawayi da ruwa har zanen ya sake bayyana daidai da shimfiɗa, sumul, ba tudu ba kwari. Kuskuren gogewa ɗaya ya cinye zinariyar, ba kuma gyara. Daga nan a bi da garin dutse mai laushi, a ƙare da garin ƙahon barewa da ɗan mai a tafin hannu. Togidashi na ƙwarai in ka karkata shi a haske za ka ga zanen kamar yana ƙarƙashin ruwa, hazo da ruwan sama da hasken wata suna da zurfi. Gidan Shiomi Masanari na Kyoto sun yi suna a wannan. Akwai ma wanda ake yi da garin gawayi a kan shimfiɗar azurfa don ya yi kama da zanen tawada a takarda. Mafi wuya duka shi ne a haɗa tudu da togidashi a fuska ɗaya, a goge su tare ba tare da an ci ƙololuwar tudun ba, wanda ake kira shishiai togidashi.

Ka tafi da gilashin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau goma. Da shi za ka ga ƙwayoyin zinariya ɗaya-ɗaya, masu kauri a wuri, suna sirancewa a wani wuri. Za ka ga kirikane, 'yan yankakkun zinariya masu kusurwa huɗu da ba su kai milimita ɗaya ko biyu ba, waɗanda ake ɗorawa ɗaya bayan ɗaya a kan duwatsu da gajimare. A aikin gwani a jere suke, girmansu yana raguwa a hankali zuwa gefe. Ka lura da guraben da suka faɗi, don su ne ke fara zubewa. In ka ga a zanen farin wata ya fito baƙi ƙirin a sararin samaniya, kada ka ɗauka kuskure ne. Azurfa ce ta dafe da tsufa, kuma kada ka bari kowa ya goge maka ita.

Sai ka buɗe ka duba ciki, wurin da mai ha'inci ya fi yin rowa. Cikin inro mai kyau yawanci nashiji ne, wato ɓarɓashin zinariya da aka barbaɗa aka rufe da urushi mai launin zuma, yana kama da ɓawon wani ɗan itacen Japan mai ɗigo-ɗigo da ake kira nashi. Bakin kowane hawa kuma a shafe yake da zinariya mara sheƙi da ake kira fundame. Nashiji mai zurfi, mai ɗumin launi, wanda ya kai har lungunan mazubi, shaida ce ta ba a yi gaggawa ba. In ka tarar da ragowar gari ko tabon magani a ciki, ka bar shi yadda yake, kada a wanke, kada kuma a ɗanɗana.

Ban da zinariya akwai masu ado da manne-manne. Gidan Somada na Toyama suna yanka ɓawon wata dabbar teku mai launin shuɗi da kore siriri ƙwarai, su jera shi kamar aikin ɗinkin hula. Ogawa Haritsu, wanda ake kira Ritsuo, da ya rayu daga 1663 zuwa 1747, shi ya shahara da haɗa tangaran da darma da ɓawo a fuska ɗaya. Wasu inro kuma an dasa musu mutum-mutumi na ƙarfe da maƙeran kayan takobi suka yi, har ka ga sa hannu biyu, na mai urushi da na maƙeri. Sai salon Shibayama, mai cike da hauren giwa da murjani da ɓawon kunkurun teku a kan zinariya fal. Yawancin masu wannan ƙyalƙyali na zamanin Meiji ne, 1868 zuwa 1912, lokacin da Japanawa suka koma kwat da wando masu aljihu, aka hana rataya takobi a 1876, masu sana'a suka juya ga Turawan da suka ga kayan Japan a manyan bajekoli irin na birnin Biyana na Ostiriya a 1873. Ba jabu ba ne, wasunsu ma aikin ban mamaki ne, amma don kabad ɗin Bature aka yi su, ba wanda ya taɓa rataya su. Za ka gane haka daga ramin igiya da bai goge ba ko kaɗan.

Yanzu batun suna. Ana sa hannu yawanci a gindi, kusa da inda igiya ta ƙullu, da zinariya, wani lokaci da jan hatimi. Matsala ta farko ita ce manyan sunayen na gida ne, ba na mutum ɗaya ba. Gidan Kajikawa sun yi wa sarakunan Tokugawa aiki tun ƙarni na 17 har zuwa na 19, kuma jikoki da almajirai duk suna sa sunan Kajikawa da jan hatimi mai siffar tulu. Haka gidan Koma, inda sunaye irin su Kyuhaku da Kansai suka maimaitu a kan mutane daban-daban. Saboda haka ganin Kajikawa ba ya gaya maka shekara, ba ya kuma gaya maka daraja, domin akwai na ƙwarai ƙwarai, akwai na cika kasuwa. Matsala ta biyu ita ce an yi ta ƙara sunaye a kan inro marasa suna tun ƙarshen ƙarni na 19, da aka gane Turawa suna biyan suna. Ritsuo yana cikin waɗanda aka fi yi wa haka. Da gilashinka ka duba: shin zinariyar rubutun launinta ɗaya da na zanen? Shin rubutun ya hau kan tsofaffin ƙarce-ƙarce, maimakon ƙarcen ya ratsa ta kansa? In gindin ya goge da tsufa amma rubutun sabo fil, ka san amsar. Inro da yawa da aka yi wa manyan sarakuna ba su da sa hannu sam, don ba ladabi ba ne bara ya rubuta sunansa a kayan ubangidansa. A ganina, mara suna mai kyan aiki ya fi mai suna da ake shakka sau goma, kuma ya fi shi araha.

Sunan da ya fi kowane tsada shi ne Shibata Zeshin, 1807 zuwa 1891, wanda ya fara koyo a wurin Koma Kansai na biyu yana ɗan shekara 11, aka kuma naɗa shi cikin masu sana'ar fadar sarkin Japan a 1890. Aikinsa ba shi da yawan zinariya. Gwaninta ce ta sa urushi ya yi kama da wani abu daban, kamar tsohuwar tagulla, ko tsatsar ƙarfe, ko katako, ko igiyar ruwa da yake ja da wani ɗan mataji tun shafin bai sandare ba. Yakan yi inro mai siffar tsohon curin tawadar Sin, da tsaga da ɓantarewa waɗanda da gangan aka yi su, don haka ba kowace tsaga ce lahani ba. Sa hannunsa sau da yawa ƙarce ne siriri da bakin allura a wani lungu. Lokacin da kamfanin gwanjo na Bonhams ya fara sayar da tarin Edward Wrangham a Landan a 2010, wani inro na Zeshin ya haura fam dubu ɗari. In wani ya miƙo maka Zeshin a farashin wayar hannu, ka yi masa godiya ka wuce. Sauran sunayen da suka cancanci ka sani akwai Hara Yoyusai, wanda ya yi aiki da zanen mai zane Sakai Hoitsu, da almajirinsa Nakayama Komin, da Iizuka Toyo da ya yi wa sarakunan lardin Awa aiki.

Jabun zamani ya fi sauƙin kamawa. Akwai na roba da aka zuba a ma'auni, wanda za ka ga layin haɗi a gefe da 'yan ramukan kumfa, ya kuma fi na gaske nauyi ko ya yi sanyin roba a hannu. Akwai wanda aka buga wa zane da inji, inda gilashi zai nuna maka zinariyar a shafe take bai ɗaya, ba ƙwaya. Akwai mai fentin man yazawa da aka ƙirƙiro bayan yaƙin duniya na biyu, mai sheƙi kamar gilas amma ba zurfi. Garin tagulla da ake sawa a madadin zinariya yakan koma kore ko ruwan ƙasa. Sannan shagunan tsaraba cike suke da baƙaƙen inro masu tambarin gidan Tokugawa na ganye uku, saboda wani tsohon wasan talabijin da jarumansa ke ɗaga irinsa. Waɗannan tsaraba ce kawai. Kada ka gwada komai da allura mai zafi ko da wani sinadari, in na gaske ne ka lalata shi a banza.

Lahanin da ya fi rage kuɗi shi ne tsaga a jikin hawa, musamman ta wajen ramin igiya inda jikin ya fi siranta, sai ɓantarewar baki, sai disashewar baƙin shafi. Wannan na ƙarshen haske ne ke jawo shi. Urushi da ya daɗe a rana yakan rasa sheƙi, baƙinsa ya koma ruwan ƙasa, fuskarsa ta cika da tsage-tsagen da ido ba ya gani. In fuska ɗaya ta fi ɗaya dishewa, ya daɗe kwance a kabad mai gilashi. Irin wannan fuska ɗigon ruwa ɗaya ko zufar yatsa na iya bar mata tabo na har abada. Ka kuma nemi tsohon gyara. Dillalan Turai na da sukan shafa man sheƙin kafintoci don su dawo da walƙiya. 'Yar tocila mai hasken da ake duba jabun kuɗi da ita tana tona wannan, domin wurin da aka shafa ko aka cike yakan yi haske daban, sau da yawa ruwan lemo, lafiyayyen urushi kuwa ya zauna da duhunsa.

Igiya kusan kullum sabuwa ce, wannan ba komai. Netsuke da ojime ma ba lalle ne su zama abokan tafiyarsa na asali ba, dillalai ne kan haɗa aure. Ka yi cinikin kowanne da kuɗinsa. Amma a nan akwai tarko na doka. Netsuke da yawa hauren giwa ne, adon Shibayama ma haka, ga ɓawon kunkurun teku. Yarjejeniyar CITES ta kare namun daji da tsirrai daga ƙarewa, wadda Najeriya da Japan duk suna ciki, ta hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1990, kuma ko tsohon abu ne sai da takardun izini. Ana iya sayar maka da shi a cikin Japan, a kuma ƙwace shi a filin jirgi. Ingila ma ta fara aiki da dokarta a watan Yunin 2022, wadda ta hana sayar da kayan haure sai 'yan kaɗan, kamar abin da aka yi kafin 1947 wanda hauren jikinsa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, shi ma sai an yi rajista. Ma'ana ko ka shigo da shi lafiya, kasuwar sake sayarwa ta ƙuntata. Ka zaɓi mai netsuke na katako ko na urushi, ka huta. Ka kuma karɓi rasit mai bayanin kayan da aka yi shi da su da zamaninsa, in akwai akwatinsa na asali mai rubutu kada ka bar shi a shago.

Kafin ka fitar da kuɗi mai yawa, ka ba idonka abinci. Tunda kana zuwa Kyoto, gidan tarihi na Kiyomizu Sannenzaka ya ƙware a kayan ƙarshen Edo da Meiji. Akwai babban gidan tarihi na ƙasa a Tokyo. Gidan Victoria and Albert na Landan da Metropolitan na New York suna da tari masu yawa, kuma sun sa hotuna a intanet da za ka iya zuƙowa har ka ga ƙwayar zinariya.

To, Kano. A gidajen tarihi ana ajiye urushi a danshin iska kashi 50 zuwa 60, ba hawa da sauka. A Kano lokacin hunturu danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ya haura 70. Jikin katako ko takarda yana motsewa yana kumbura da wannan sauyi, shafin urushi kuwa ba ya bin sa, sai ya tsage ko ya ɗago, hawa-hawan su cije ko su saki. Abin da ya shekara 200 lafiya a Japan yana iya darewa a hunturu ɗaya. Na'urar sanyaya ɗaki ba magani ba ce, ƙara busar da iska take yi, kuma duk ɗauke wuta sauyi ne sabo.

Maganin shi ne ka yi masa nasa yanayin. Ka samu akwatin roba mai murfi da ke rufewa ruf da zoben roba a baki, irin na ajiye abinci. Ka saka ƙaramin ma'aunin danshi a ciki. Ka sayi sinadarin daidaita danshi na gidajen tarihi, irin su Art-Sorb ko Prosorb, wanda aka saita a kashi 55, tun kana Japan. Kada ka yi kuskuren saka 'yan ƙunshin da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani, waɗannan tsotse danshi suke yi gaba ɗaya, su ƙarasa abin da hunturu ya fara. Ka naɗe inro a takarda mara asid ko tsohon farin ƙyallen auduga da aka wanke, ka sa shi a ɗan akwatin katakon kiri, wani itacen Japan mara nauyi, in kana da shi, sannan cikin na robar. Ka haɗa wannan tun kafin ka hau jirgi, ka riƙe shi a jakar hannu, in ka iso ka bar shi kwana biyu ko uku kafin ka buɗe. Ka riƙa duba ma'aunin kowane mako a hunturu. In ya sauka ƙasa da 45 sinadarin yana bukatar sabuntawa, in ya haura 65 a damina funfuna na iya kamawa.

In za ka nuna wa baƙi, ka fito da shi na ɗan lokaci a inuwa, nesa da taga, a kan tebur da aka shimfiɗa wa ƙyalle, da safar hannu ta roba mara hoda. Safar auduga tana maƙale kirikane ta cire shi. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ka goge ta da tsumma ka ƙarce shafin, sai dai ka kaɗe ta da buroshi mai taushi sosai. Ba ruwa, ba mai, ba man goge katako, ba turare. Hayaƙin turaren wuta yana barin maiƙo a kansa, kafur da robar ɗaure kuɗi da ulu kuma kada su kwana akwati ɗaya da shi, don robar da ulun suna fitar da abin da ke dafar da azurfa. Kada ka rataye shi da igiyarsa, kada kuma ka matse ojime da ƙarfi. In hawa ya cije, ba a sa wuƙa ko farce, a mayar da shi akwatinsa ya yi mako guda a danshin da ya dace, yawanci da kansa yake saki. In wani yanki ya ɓalle, ka adana shi a 'yar takarda ka rubuta inda ya fito. Kada sufa gulu ya kusance shi, domin yana shiga cikin tsagar ya hana gyaran gaskiya, wanda masu sana'ar Japan ke yi da urushi da aka kwaɓa da garin alkama. Ka haɗa inron da guntun a akwatinsa, ka koma da su Kyoto a tafiyarka ta gaba.